Iska da Shimfiɗa Titin Jirgin Sama: Misali Daga Kano

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ya sa ba a shimfiɗa titin jirgin sama yadda aka ga dama. Jirgi yakan tashi, ya kuma sauka, yana fuskantar iska, domin hakan ne ke ba fukafukansa ƙarfin ɗaukarsa bayan ɗan gajeren gudu. Iska mai ƙarfi da ta bugo shi ta gefe kuwa tana iya ture shi daga kan titi, har a yi asarar rayuka. Saboda haka, kafin a zuba kwalta, injiniyoyi sukan nazarci bayanan iskar wurin na shekaru da dama. Bayan nan ne ake zana taswira, a ƙera ɗan ƙaramin samfurin filin domin masu ba da aikin su ga fasalinsa.

Filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya isa misali. A Kano, iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Babban titin filin, mai tsawon kimanin mita 3,300, wannan layi ya bi. Lambobin da ke rubuce a bakunansa biyu, wato 06 da 24, suna tabbatar da haka, domin digiri 60 da digiri 240 ke nan a kan kamfas, an yar da sifirin ƙarshe. Ta haka matuƙi yakan sami bakin da zai fuskanci iska, ko da hunturu ko da damina.