Yawon Keke Daga Kafanchan Zuwa Dutsen Kagoro

Wanda ke da keke da hutun kwana biyu yana iya ganin ƙasar Kafanchan fiye da yadda matafiyin mota ke ganinta, muddin ya yi shiri tun daga gida.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, watau bayan ɗaukewar damina, sa'ad da hanyoyin ƙauyuka suka bushe. A ranar farko sai a yi sammako zuwa Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, a huta. Da la'asar sakaliya a nufi Kagoro, a kwana a gindin dutsenta. Wanda ya dace da ranar 1 ga Janairu zai tarar da bikin Afan. Kashegari a ajiye keke a hau dutsen da ƙafa, tare da ɗan gari mai nuna hanya.

Guzurin ba shi da yawa: famfo, kayan faci, fitila, tanti, ruwan sha da bargo mai kauri, domin sanyin hunturu a nan ba na wasa ba ne.

Amma babban shiri shi ne na wurin kwana. Yankin ya sha fama da tashe-tashen hankula, saboda haka kada baƙo ya kafa tanti a daji. Ya isa gari da sauran rana, ya gai da mai unguwa, ya kwana inda aka nuna masa.