Tampol: Rufin Asirin 'Yan Gwari A Jos

A kowace rana motoci manya da ƙanana suna tashi daga kasuwar Farin Gada da ke Jos, ɗauke da dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir, suna nufar Abuja da Legas da Fatakwal da sauran biranen ƙasar nan. Tun daga inda aka yi lodi har zuwa inda za a sauke, abin da ke tsare wannan dukiya daga ruwa da rana shi ne tampol ɗin da aka lulluɓe ta da shi, amma sau da yawa shi ne abu na ƙarshe da ɗan kasuwa yake bincikawa.

Sunan tampol daga Turanci aka aro shi, asalinsa kuma daga matuƙan jiragen ruwa ne, waɗanda suke shafa wa zane mai kauri kwalta domin rufe kayansu a kan teku. Jos tana nesa da teku, to amma yanayinta ya sa buƙatar ta zama iri ɗaya. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, yana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, galibi daga Afrilu zuwa Oktoba, a wasu lokutan ma har da ƙanƙara. A cikin daminar ne kuma ake haƙo mafi yawan dankalin Bokkos da Mangu da Barikin Ladi.

Aikin ɗinkin yana farawa ne da awo. Maɗinki yakan auna tsawo da faɗin bodin motar, ya ƙara da tudun da lodi zai yi, sa'an nan ya bar rara wadda za ta sauko ta rufe gefuna. Idan rufin ya gaza, ruwa zai shiga ta gefe. Idan kuma ya yi yawa, iska za ta riƙa kaɗa shi har ya yage. A wajen haɗa ƙyallaye, na sama ake ɗorawa a kan na ƙasa kamar jerin kwanon rufi, a bi shi da ɗinki biyu, domin ta hujin allura ne yoyo yake farawa. Akan naɗe baki da igiya a ciki, a ƙara maho a kusurwoyi, kana a kafa zobban ƙarfe a jere inda igiyar ɗauri za ta ratsa.

Zaɓen ƙyalle shi ma yana da nasa hisabi. Na auduga yana da nauyi, amma yana barin iska ta ratsa. Na roba mai kauri ya fi tare ruwa, sai dai yana tara zafi da gumi, abin da ke gaggauta ruɓewar tumatir da kabeji idan ba a bar kafar iska ba. Na leda kuwa ya fi araha, amma rana tana cinye shi cikin ɗan lokaci. Har ila yau, dankalin da haske ya daɗe yana dukansa yakan koma kore ya yi ɗaci, darajarsa ta faɗi.

Kuskuren da ya fi jawo hasara shi ne barin kwari a tsakiyar rufi. Saman tirela mai tsawon mita 12 da faɗin mita 2.5 ya kai murabba'in mita 30, saboda haka ruwan milimita 20 kacal zai zuba masa lita 600, wato kilo 600. Idan ba a tayar da tsakiyar lodi ta yi doro ba, wani kaso na wannan ruwa zai kwanta har ɗinki ya ɓalle a kan kaya.

Dangane da ɗauri, ƙa'idar ita ce idan tampol biyu ne, a fara shimfiɗa na baya, na gaba ya hau kansa, don kada iska ta sami bakin shiga. Gaba ake fara ɗaurewa, a bi gefuna daidai wa daida, a kuma sa tsumma a duk inda ƙarfe mai kaifi zai goge shi. Da yake lodi yana zama bayan an yi 'yar tafiya, igiya takan saki, don haka ya kamata a tsaya a sake ja tun kafin gangaren Hawan Kibo a hanyar Akwanga. Bayan sauke kaya kuma sai an shanya shi kafin a naɗe, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur kuma darajar Naira ta faɗi, kuɗin sufuri da na kayan da ake shigowa da su daga waje sun tashi, lamarin da ke jan masu motoci zuwa ga rufi mai araha. To amma araha ba ta ado, kuma hasarar kayan da suka jiƙe galibi a kan mai kaya take faɗawa. Saboda haka ya dace ɗan kasuwa ya sa a warware tampol a gabansa, ya ɗaga shi ga haske ya duba huji da ɗinki da zobba, ya kuma daidaita da direba a kan wanda zai ɗauki hasara idan ruwa ya shiga, tun kafin a ɗora buhun farko.