Bushewar Ido da Baki Tare da Zafin Ƙafa: Kada Mu Ɗora wa Rani Laifi Kaɗai



A Sinja, Maiwurno da sauran garuruwanmu na bakin Shuɗin Nilu, idan uwa ta ce idonta kamar an zuba yashi, bakinta ya bushe har ba ta iya haɗiye kisra sai da ruwa, mukan ce zafi ne da ƙura. Idan ta ƙara da cewa tafin ƙafarta na ƙuna da dare, sai mu ce tsufa ne, wasu ma su ce sammu. Alhali wani lokaci ciwo ɗaya ne ke haddasa duka biyun.

Sunansa ciwon Shogiren, daga sunan likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, wanda ya yi bayaninsa a 1933. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa sassan da ke samar da hawaye da yawu. Kusan 9 cikin 10 na masu fama da shi mata ne, galibi waɗanda suka haura shekara 40.

A jikin wasu, ɓarnar takan kai ga jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin fata da ƙwaƙwalwa. Sai mutum ya riƙa jin ƙuna, ko kamar ana tsira masa allura, ko ya daina jin taɓi a ƙafa da hannu. Wani yakan yi tangaɗi cikin duhu a hanyar sallar Asuba, wani jiri ya ɗebe shi in ya miƙe. Wani lokaci ma waɗannan alamu kan riga bushewar bayyana.

Saboda haka mu faɗa wa likita duka alamomin a zama ɗaya. Ciwon suga, kuturta da ƙarancin bitamin B12 su ma suna taɓa jijiya, sai an bambance. Akan auna hawaye da 'yar takarda a gefen ido na minti 5, a gwada jini, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a leɓe. Ciwon ba ya warkewa ɗungurungum, amma akwai maganin ɗigawa a ido, da na rage zafin jijiya, da na kwantar da garkuwar jiki. Kada mu sayi magani da ka, domin wasu suna ƙara bushewar.

Ƙafar da ba ta ji ba ta sanin ta ji rauni. A duba tsakanin yatsu a kowace alwala, a guji taka ƙasa mai zafi ko shiga gona babu takalmi. A lizimci asawaki, don rashin yawu na cinye haƙori. Wanda tsayuwa ta gagara, shari'a ta yardar masa ya yi salla a zaune, kuma marar lafiyar da azumi ke cutarwa yana da rangwame. Ya tuntuɓi likita da malami.

Neman magani ba ya warware tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.