Asabar da Lahadi ba ko sisi: Inda ɗalibin Kwaciri zai je ba tare da ya biya ba

Da zarar an kaɗa ƙararrawar tashi ranar Juma'a, hirar ɗalibai takan koma kan abu ɗaya: ina za a je gobe? Mai ɗan abin hannu zai ce gidan zu na Audu Bako, wani ya ce Ado Bayero Mall, wani kuma gidan kallon ƙwallo. Duk wuraren nan sai da kuɗi, in ba na shiga ba to na adaidaita sahu, ko na abin da za a sa a baki. Shi kuwa wanda aljihunsa babu nauyi, kuma irinsa ne suka fi yawa a Kwaciri da Kurna da Rijiyar Lemo, sai ya ɗauka tasa ta ƙare a bakin layi.

Zaman bakin layin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san yadda ake fara jan yaro: yau a aike shi sayo sigari, gobe a ce ya ɗan riƙe wani abu, jibi ya ji ana kiransa da sunan wata daba. Masu shaye-shaye da masu ƙwacen waya ba daga sama suka faɗo ba, akasarinsu yara ne da suka rasa abin yi da lokacinsu. Shi ya sa sanin inda za ka je ranar hutu yake da muhimmanci kamar sanin jadawalin darasi. Abin daɗin shi ne, Kano cike take da wuraren da ba a neman ko sisi a ƙofarsu, kuma da yawansu suna kusa da mu.

Daga Titin Katsina zuwa saman Dala

Idan ka fito Titin Katsina ka nufi cikin gari, ka ratse ta Ƙofar Ruwa ka bi ta Gwammaja, ba za ka daɗe ba za ka hango Dutsen Dala. Saurayi mai lafiya zai iya takawa da ƙafa in ya yi sammako, musamman in ana tafe ana hira. Akwai matakala da aka gina har zuwa sama.

A gindin wannan dutse Kano ta fara. Masana sun gano alamun cewa tun a ƙarni na 7 ake narka tama ana fitar da ƙarfe a wurin. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe, jagoran mutanen Dala da ke bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. A 1851 wani Bature matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya zo Kano, kuma daga kan Dala aka zana hoton birnin da ke cikin littafinsa.

Kai ma in ka hau, ka yi abin da malamin labarin ƙasa zai so ka yi. Nemo Goron Dutse, nemo hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a da ke kusa da gidan Sarki, sannan ka juya ka nemi ɓangaren unguwarku da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ka lura da inda gidajen ƙasa suka cunkushe, lunguna suka murɗe, da inda tituna suka miƙe sambal. Wannan bambanci shi ne bambancin tsohon birni da Waje. Taswirar da ke ba ka wahala a aji, ga ta nan shimfiɗe a gabanka. Wanda yake son ganin Dala cikin cinkoso kuma, ya jira ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, lokacin da yara da manya ke tururuwar hawa.

A hanyar dawowa ka tsaya ka dubi abin da ya rage na ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a zamaninsa, tsakanin 1095 da 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau gine-gine da masu ɗibar ƙasa da ruwan sama sun cinye mafi yawanta. Abin da kake iya gani bana, ba lallai ne ƙaninka ya tarar da shi ba.

Gidan Mambayya

A kan wannan hanya ta Gwammaja akwai gidan da yawancinmu muke wucewa a cikin adaidaita ba tare da mun waiwaya ba. Nan Malam Aminu Kano ya zauna, nan kuma kabarinsa yake tun rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. An sa wa gidan sunan mahaifiyarsa, kuma yanzu cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. An adana ɗakunan Malam da wasu kayayyakinsa, ana kuma shirya laccoci da taruka a zauren cibiyar, ciki har da na tunawa da shi duk shekara.

Ɗalibin da ke haddace NEPU da PRP don jarrabawar Gwamnati ko Tarihi, ya kamata ya ga irin gidan da jagoran waɗannan jam'iyyu ya rayu a ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗu ku roƙi malaminku ya rubuta takardar neman izinin ziyara da sunan makaranta ko kulob ɗinku. Idan kuma kun ga sanarwar lacca ta jama'a, ku sa tufafi masu tsafta ku je ku zauna a baya ku saurara. Ko rabi kuka fahimta, kun ga yadda manya ke jayayya da hujja ba da zagi ba.

Kimiyya a bakin karofi

Wanda ya samu kuɗin mota na zuwa, ko yake da ɗan'uwa a Fagge, ya bi Titin IBB ya wuce Kantin Kwari zuwa Ƙofar Mata. Kusa da ƙofar akwai marina wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Marina na aikinsu a fili, kuma in ka yi sallama cikin ladabi ka ce kai ɗalibi ne, da wuya a kore ka. Sai dai ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, domin wurin sana'ar mutane ne.

Ga abin da za ka zuba wa ido. Ana haɗa baba da toka da ruwa a cikin karofi, rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, a bar shi kwanaki ya ruɓa. Idan marini ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, da fari za ka gan shi kore-kore. Ka ɗan jira. A kan idonka iska za ta mayar da shi shuɗi. Iskar oksijin ce ke haɗuwa da sinadarin baban, irin abin da malamin Kemistiri ke zana muku a allo. Yawan tsomawa da shanyawa shi ke ƙara duhun launin. Daga nan sai a kai wa mabuga, su yi ta dukan yadin da katako har ya yi sheƙi. Irin wannan tufafi ne fatake suka riƙa ɗauka a kan raƙuma zuwa Agadas da ƙasashen da ke bayan Sahara. Karofi da yawa a wurin yanzu sun bushe, saboda rinin zamani ya fi sauri da araha, kuma matasa ba su cika son gadon sana'ar ba.

Daga Ƙofar Mata zuwa Kasuwar Kurmi ba nisa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake cin wannan kasuwa. Shiga layin dukawa da masu kayan doki da masu sayar da littattafan addini ba ya buƙatar kuɗi. Ka tambayi sunan kowane abu: linzami, likkafa, jalala, ragama. Akwai Hausar da ba za ka same ta a TikTok ba.

Abin da ke ƙofar gida

Ba kullum ne za a yi doguwar tafiya ba. A filayen makarantun firamare da na sakandare na yankin Fagge, da wuya yammacin Asabar ko Lahadi ya wuce ba a buga wasa tsakanin ƙungiyoyin unguwanni ba, kuma kallo kyauta ne. A Sabon Gari akwai filin wasan da ake kira da sunan Kano Pillars, ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta kuma ci gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ahmed Musa a Pillars ya yi suna kafin ya tafi Turai. Idan kana da ƙafa, nemi kocin unguwa ka fara atisaye. In ba ka da ita, ɗauki littafi ka rubuta rahoton wasan kamar ɗan jarida, ka karanta wa abokanka da dare.

Akwai kuma musabaƙar Alƙur'ani da bukukuwan sauka da makarantun Islamiyya ke shiryawa, yawanci a ƙarshen mako. Gasar ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, daga matakin ƙaramar hukuma ake fara tace 'yan takararta, maza da mata. Zama a irin wannan wuri na koya wa mutum tajwidi da kunne, yana kuma nuna masa yadda sa'arsa ke tsayawa gaban alƙalai ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. 'Yan'uwanmu Kirista na Sabon Gari su ma suna da nasu: koyon waƙoƙin coci da faretin Boys' Brigade da tarukan matasa. Sabon Gari kanta darasi ce. Ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a titi ɗaya za ka ji Igbo da Yarabanci da Hausa da Turancin buroka.

Kada a manta da Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da ake taƙaita zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Da yawa suna ɗaukar ta ranar ƙarin barci. Amma duk wanda ruwa ya taɓa shiga ɗakinsu da damina ya san abin da leda ke yi wa kwata. Ku biyar ko shida, da shebur biyu da baro na aro, kun isa ku yashe magudanar layinku. Mai unguwa zai san da zamanku, kuma ranar da kuke neman wanda zai sa muku hannu a takarda, ba baƙi ba ne ku.

Ga masu son littafi

Laburaren Murtala Muhammad da ke Titin Ahmadu Bello shi ne babban ɗakin karatu na jiha. Yana da ɗan nisa daga Kwaciri, don haka sai an tanadi kuɗin mota, kuma yana da kyau ka fara tambayar lokutan buɗewa da ƙa'idar rajista. Ga mai shirin WAEC ko NECO ko JAMB, awa uku a wurin da babu kukan janareta da aiken gida sun fi yini guda a tsakar gida. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, reshen Kano, ta daɗe tana shirya zaman da marubuta ke karanta gajerun labarai da waƙoƙinsu a yi musu gyara. Idan kina ɓoye labarin da kika rubuta a bayan littafin lissafi, ki nemi malamin Hausa ko na Adabi ya binciko miki ranar zama na gaba.

Kafin ku fita

Hutu bai soke Islamiyya da aikin gida ba. A gama su tukuna, sannan a nemi izini, a faɗi inda za a da lokacin dawowa. Ku tafi a ƙungiya, kada ku gaza uku. 'Yan mata su nemi rakiyar yaya ko malama, kuma sau da yawa in an ce da iyaye ziyarar ilimi ce ta ƙawaye tare da babba, ba sa hanawa. A cika gora da ruwa daga gida, a sa takalmin da zai jure tafiya. A hau Dala da safe kafin rana ta yi zafi, kada a kai almuru a can. Waya ta zauna a aljihu, in an ga taron da ba a gane kansa ba a canza hanya. Kowa ya kasance a gida kafin kiran Magariba.

Sannan a riƙe ƙaramin littafi da biro. A rubuta kwanan wata, da wurin da aka je, da abu uku da aka gani, da kalma ɗaya sabuwa da aka ji. Wata huɗu ke nan ana yin haka sau biyu a wata, ka ziyarci wuri takwas, kana da shafukan da za su cece ka ranar da aka ce ka rubuta insha'i a kan garinku.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan Asabar ɗin, ku nemi abokai uku, ku gaya wa Umma da Abba, ku fara da Dala. Wanda ya je, ya rubuto wa wannan shafi abin da ya hango daga sama.