Giyar Inabi a Kasuwannin Turai: Ina Kuɗin Kwalba Ke Tafiya?

A Faransa da Italiya da Sifaniya da Fotugal, giyar inabi tana cikin cefanen gida kamar burodi da man zaitun. A kanta ɗaya sai a ga kwalbar Yuro 3 jere da ta Yuro 300, kowacce mililita 750, kowacce daga 'ya'yan inabin da aka matse aka bari suka tsimu. Musulunci ya haramta shan ta, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da jiki. Duk da haka masana tattalin arziki sun daɗe suna sa ido a kan wannan kasuwa, domin da wuya a sami wata hajar da tazarar farashinta ta kai haka. Abin da suka gano game da tsada da inganci yana da amfani ga duk mai shiga kasuwa da kuɗinsa.

Kuɗin da ba na inabi ba

Kwalba ɗaya tana cin inabi kilo guda da 'yan kai. Kafin ta isa hannun mai saye, sai an biya kuɗin gilashi, da marfi, da takardar da ake mannawa, da kwali, da sufuri, da ribar dillali da ta mai kanti. Ban da ribar, waɗannan kuɗaɗe kusan ɗaya ne ga mai araha da mai tsada. Sai kuma haraji, wanda ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Italiya da Sifaniya da Jamus ba sa ɗora harajin barasa na musamman a kan giyar inabin da ba ta kumfa, na Faransa kuwa 'yan santi ne. A Birtaniya harajin kwalba mai matsakaicin ƙarfi ya haura fam biyu da rabi, ga kuma harajin kayayyaki na kashi 20 cikin 100. Ke nan idan an sayi kwalbar fam 6 a Landan, fiye da rabin kuɗin ya tafi baitulmali. In an cire kuɗin gilashi da sufuri da riba, abin da ya rage wa manomin inabi bai taka kara ya karya ba.

Wannan lissafi ne ya sa masu ba da shawara a Birtaniya ke cewa kwalbar da ta fi kowacce araha ba ita ce ta fi riba ga mai saye ba. Tunda harajin barasa da kuɗin gilashi ba sa ƙaruwa da farashi, wanda ya tashi daga fam 6 zuwa fam 10 kaso mai tsoka na ƙarin nasa yana shiga cikin abin da ke cikin kwalbar ne. Amma daga wani mataki zuwa sama, sai lamarin ya juya: kuɗin ya koma biyan suna.

Suna da ƙasar noma

A 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, aka jera fitattun gonakin yankin Bordeaux daraja-daraja, kuma har yau wannan jeri yana tasiri a farashi. A 1935 Faransa ta kafa tsarin kare sunayen yankuna, ta yadda babu mai rubuta Champagne ko Chablis a kwalbarsa sai in a can aka noma inabin, bisa ƙa'idojin wurin. Da yake ƙasar da ke cikin iyakar suna ba ta ƙaruwa, sai farashinta ya yi tashin gwauron zabi. Hekta guda a Champagne takan kai Yuro miliyan ɗaya, alhali a sassa da yawa na Languedoc, kudancin Faransa, ba ta kai Yuro dubu 20 ba. Mai sayen kwalba shi ke biyan wannan bambanci.

Akwai kuma tsadar da ke da dalili a aikace. Gangar katakon oak da ake tsima giya a ciki tana ɗaukar lita 225, wato kwalba 300, kuma sabuwa takan kai ɗaruruwan Yuro. Tsinkar inabi da hannu a gangaren dutse ta fi ta inji cin kuɗi. Manomin da ya rage yawan nonon inabi a kowace kurangar don ɗanɗano ya yi kauri, amfaninsa zai ragu. Ajiye giya shekara uku a rumbu kafin a sayar ma jari ne da aka ɗaure.

Abin da harshe ya shaida

Ranar 24 ga Mayun 1976, wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara 'yan Faransa a birnin Paris. Aka zuba musu giyar Faransa da ta Kalifoniya a kofuna ba tare da sun ga kwalabe ba. Da aka tattara maki, Chateau Montelena ce ta zo ta ɗaya a farar giya, Stag's Leap Wine Cellars kuma a ja, dukansu daga Amurka. Tun daga ranar aka daina ɗauka cewa nagarta gadon wata ƙasa ce ita kaɗai.

A 2008 wasu bincike biyu suka ƙara fito da lamarin fili. A na farko, Robin Goldstein da abokan aikinsa sun tattara sakamakon ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi a Amurka ba tare da an ga farashi ba. Suka tarar cewa mutanen da ba su sami horo ba ba su fi son mai tsada ba, hasali ma sun ɗan fi karkata ga mai araha. A na biyu, Hilke Plassmann da wasu masana a Kalifoniya sun ba mutane giya iri ɗaya sau biyu, aka ce musu ɗaya ta dala 10 ce, ɗayar ta dala 90, ana kuma ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Mutanen suka ce ta dala 90 ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai jin daɗi ya fi motsawa a lokacin. Wato jin farashi kaɗai yana canja abin da mutum ke ji a bakinsa.

Dabarun masu tsimi

Masu cefanen Turai da ke son rage kashe kuɗi sukan kauce wa manyan sunaye su nemi na maƙwabta. Maimakon Champagne sai su ɗauki Crémant ta Faransa ko Cava ta Sifaniya, waɗanda ake yi da hanya iri ɗaya, wato a sake tsima giyar a cikin kwalba. Sukan duba kayan Fotugal, da Sisili, da Chile, da Afirka ta Kudu, inda ƙasa da ƙwadago ke da sauƙi. Manyan kantuna irin su Aldi da Lidl suna sayen giya da yawa su manna nasu sunan. Ana ma ɗauko ta daga Ostareliya ko Chile a cikin wata ƙatuwar jaka mai lita 24,000 da ke cika kwantena, sai an iso Turai a zuba a kwalabe, don kada a biya kuɗin dakon gilashi.

Mazubi ma yana da nasa lissafi. A 1965 Thomas Angove na Ostareliya ya fito da giyar kwali, wato jakar leda a cikin kwali. Mai lita 3 daidai take da kwalba huɗu, kuma da yake iska ba ta shiga, takan yi makonni bayan an buɗe, alhali buɗaɗɗiyar kwalba kwana kaɗan take yi. Nauyin kwalba ko zurfin gindinta ba ya nuna komai game da abin da ke ciki. A Faransa kuma manyan kantuna suna yin baje kolin rangwame kowace Satumba, iyalai su sayi na watanni. Gidajen cin abinci su ne wurin da aka fi tsawwalawa, domin sukan ninka farashin kanti sau biyu ko uku.

Kasuwar kanta tana taimakon mai saye a yanzu. Ƙungiyar inabi ta duniya, OIV, ta ce abin da aka sha a 2024 shi ne mafi ƙanƙanta tun 1961. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da rarar giya sinadarin masana'antu, saboda ta yi kwantai.

Kwalaben da babu barasa

Yayin da shan barasa ke raguwa, kasuwar ruwan inabi mara barasa tana bunƙasa, kuma irin waɗannan kwalabe masu kumfa sanannu ne a kantunan Kano da Kaduna da Abuja, musamman lokacin biki da Sallah. Iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa iskar gas, wanda bai taɓa tsimuwa ba. Akwai kuma giyar da aka tsima sannan aka cire mata barasa, wadda a ƙasashe da dama doka ta yarda ta riƙe har kashi 0.5 cikin 100. Mai kiyaye addininsa sai ya karanta takardar kwalba da kyau don ya san wanne ya riƙe. A nan ma lissafin farashi bai canja ba: gilashi mai kauri, da takardar zinariya a wuya, da kuɗin shigo da kaya suna cin babban kaso na kuɗin. Abin dubawa shi ne yawan ruwan inabi na ainihi idan aka kwatanta da sukari da ruwa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da kuma farashin katan idan aka raba shi kwalba-kwalba.