Rikicin gida da karatun ɗan firamare: Abin da ya kamata ku sani

Malamin aji uku ya gama rubuta lissafi a allo, ya juyo ya ga wani yaro ya kifa kai a benci yana barci. A zangon da ya wuce yaron nan shi ya zo na biyar, yanzu ko aikin gida ba ya yi. Abu mafi sauƙi shi ne a kira shi daƙiƙi, a tsula masa bulala. Da malam zai bincika, sai ya tarar yaron ya raba dare a bayan ƙyaure yana jin mahaifinsa na dukan mahaifiyarsa.

Yaya girman matsalar?

Wani bincike da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya sun fuskanci wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18. Kuma ba sai an taɓa jikin yaro ba. Zagi, gori, barazanar saki da fashe-fashen kwanuka a gabansa duk suna yi masa tabo a zuciya.

Me ke faruwa a kan yaron?

Idan mutum ya tsorata, jikinsa yana fitar da wani sinadari mai suna kotisol domin ya shirya gudu ko kare kai. Ga yaron da kullum yake cikin fargaba, sinadarin ba ya lafawa yadda ya kamata, kuma hakan yana raunana natsuwa da riƙe karatu. Yana zaune a aji, amma hankalinsa yana gida: ko Baba ya dawo? Ko Umma ta tafi?

Sai kuma barci. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwana cikin hayaniya zai rama a aji.

Akwai kuma fashin makaranta. Idan uwa ta yi yaji, wa zai tashe shi, ya wanke masa yunifom, ya ba shi kuɗin tara? Idan aure ya mutu, sau da yawa akan kai yaro gidan kaka, yarinya kuwa a ɗora mata talla. A ajin farko zuwa na uku ake koyon haɗa baƙi. Wanda wannan tushe ya kuɓuce masa zai yi ta ɗingishi har sakandare.

Alamomin da za a lura da su

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro mai surutu ya koma shiru, ko mai sanyi ya zama mafaɗaci. Wani yakan zabura da an ɗaga murya, wani ya dawo fitsarin kwance, wani kullum ciwon ciki ko ciwon kai, wani kuma a tashi makaranta ya ƙi tafiya gida.

Mene ne abin yi?

Malami ya ajiye bulala, ya ja yaron gefe ya tambaye shi cikin lumana, ba a gaban 'yan aji ba. Idan abin ya yi tsanani, ya sanar da hedimasta, a nemi dattawan gidan, mai unguwa ko jami'an jin daɗin jama'a. Doka ma ba ta yi shiru ba: akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, waɗanda jihohi da dama suka amince da su.

Iyaye, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma duka ba saɓani ba ne, zalunci ne. Kafin ku tuhumi yaro kan jan biro a takardar sakamakonsa, ku fara duba abin da yake gani a tsakar gida.