Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida

A zamanin da ya shuɗe, idan aka ce wane makaɗi ne, tambayar da ke biyo baya ita ce, na wane ne? Domin kuwa kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado, kuma galibi tana da ubangida, wanda cin makaɗi da shansa da suturarsa da dokin hawansa suke wuyansa, shi kuwa makaɗin ba ya buga kotso ko taushi ga wani basarake sai da izininsa, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya zauna a inuwar Sarkin Gobir na Isa. Fadar Rano ma, da yake tana cikin Hausa Bakwai, ba ta rasa nata makaɗa da maroƙa masu kirarin Autan Bawo ba. Amma yau a Rano da Kibiya da Rurum akwai samari waɗanda ba su gaji kiɗa ba, ba su da 'yan amshi balle sanƙira, abin da suka mallaka kawai murya ce da littafin rubuta baitoci da wayar hannu, sa'an nan suna cewa su mawaƙa ne masu zaman kansu. To, wannan zaman kai shi ya kamata a duba, a ga iyakarsa.

Alal haƙiƙa ba su suka fara ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai yarda wata fada ta ɗaure shi ba, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da manomi. Ɗanmaraya Jos kuwa, da ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne amshin kansa. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. Tun da finafinan Hausa suka kafu a Kano, fiyano ya shigo situdiyo irin ta Iyan-Tama, har waƙar fim ɗin Sangaya ta 1999 ta game ƙasa, sai ya zamana mutum ɗaya da na'ura ɗaya yana fitar da amon kalangu da sarewa da ganga gaba ɗaya, ƙofar da gado ya tsare shekara da shekaru kuma ta buɗe wa kowa.

Ga yadda abin yake tafiya. Yaro zai rubuta waƙarsa a gida, ya daidaita ƙafiya, ya yi ta rera ta a gona ko a shagon ɗinki har karin ya zauna masa, kana ya tara kuɗin mota da na situdiyo ya nufi birnin Kano, inda ɗakunan ɗaukar waƙa suka yi yawa a wajen Titin Gidan Zu. Can zai tarar da layi. In an zo kansa, sai ya rera amshi da baki, makaɗi yana saurare yana laluben karin a kan fiyano, har su dace. Sa'an nan a shigar da shi wani ɗan ƙuƙumin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, a kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, ya sa abin ji a kunne, ya yi ta maimaita baiti ɗaya gumi na zuba, har mai kwamfuta ya ɗaga masa hannu ta bayan gilashi. Idan waƙar na bukatar muryar mace, sai ya biya mai amshi ladanta daban. Mata irin su Fati Nijar, wadda ta zo daga Maraɗi, da Maryam A. Baba, da muryoyinsu aka gina rabin wannan sana'a, ko da yake sau da yawa sunan namiji ake kira.

Wahalar ba a nan take ba, tana ga sayarwa. Can baya akwai kaset da faifai, mawaƙi yakan kai aikinsa ga dilolin Kasuwar Ƙofar Wambai su saya, ko an tauye shi dai ya ga wani abu a hannu. Yanzu kuwa duk wanda ya shiga kasuwar Rano ranar da take ci, ya tsaya a rumfar masu cajin waya, zai ga ana miƙa memori ana cewa a zuba sababbi, a cika shi da waƙoƙi ɗari bisa 'yan kuɗi kaɗan, alhali ko anini ba ya isa ga wanda ya kwana yana tsara su. Mai rumfa ba ya jin ya ci haƙƙin kowa, mai saye ma haka, har mawaƙin kansa murna yake yi in ya ji waƙarsa na tashi a wayar ɗan acaɓa. YouTube da Audiomack da Boomplay suna biya, gaskiya ne, amma sai masu saurare sun kai dubban ɗaruruwa kafin abin ya taka kara ya karya. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta yi irin wannan tashe a 2020, lokacin da annoba ta kulle mutane a gida. Sai dai irin wannan rabo ba a gina lissafin rayuwa a kansa.

Saboda haka tilas mawaƙi ya nemi inda kuɗi yake, watau gidan biki da dandalin siyasa. Waƙar amarya da ango ijara ce tsantsa: a ba shi sunayen dangi da ƙawaye a takarda, ya jera su cikin baitoci, ranar walima ya rera a yi masa liƙi. Wannan, a ganina, ba abin kunya ba ne, aiki ne da lada sananne. Ta siyasa ce mai ƙaya, domin ita ke da tsoka, kamar yadda kowa ya gani ga Dauda Kahutu Rarara tun zaɓen 2015, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ɗan siyasa ba kamar sarkin da ba ne, wanda yake riƙe makaɗinsa har mutuwa ya bar wa magajinsa. Shi da zarar an rantsar da shi, ko ya faɗi, sai lambar wayarsa ta daina shiga. Ita sarautar ma ta daina zama inuwa mai tabbas: an ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe a 2024, aka maido ta mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Naziru M. Ahmad, wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, ajiye rawanin ya yi bayan an tuɓe Sarkin a Maris na 2020.

Akwai kuma hukuma. Tun 2001 Jihar Kano take da Hukumar Tace Finafinai, wadda ikonta ya haɗa da waƙoƙi. A 2009 an gurfanar da Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, a kan waƙarsa Hasbunallahu bisa tuhumar fitar da ita ba tare da tacewa ba, a 2019 kuma irin wannan tuhuma ta hau kan Naziru. Makaɗin fada yana da mai tsaya masa a irin wannan rana, mai zaman kansa kuwa sai lauyansa, in yana da abin biya.

Mas'alar da samarinmu suka fi sakaci da ita ita ce mallakar waƙar kanta. Nijeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a 2023, amma doka da hujja take aiki, kuma galibin cinikin situdiyo da fatar baki ake yinsa, duk da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Yaro zai biya kuɗin aiki ya karɓi waƙa a waya ya kama hanyar Kibiya, ya bar asalin muryar da kiɗan a kwamfutar situdiyo, ba a rubuta ko kiɗan na makaɗi ne ko nasa ba, ba a ambaci rabon mai amshi ba. Muddin waƙar ba ta yi tashe ba, babu mai tayar da zancen. Ranar da ta karɓu kuwa, sai ya tarar wani ya riga shi ɗora ta a YouTube da sunan tasharsa, kuɗin kuma can suke shiga.